Ijaza da Kiredit: Yadda Karatun Waje Ke Lissafuwa ga Ɗalibin Kiwon Lafiyar Jama'a

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana abin da a ke nufi da kalmar nan "kiredit" a bakin mutanen jami'a, da yadda ta shafi ɗalibin ilmin kiwon lafiyar jama'a wanda ya yi niyyar fita wata ƙasa ya ƙaro karatu. Na ɗauki ƙasar Kazaure misali, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da maƙwabciyarsu Ɓaɓura, domin wurin da ta faɗo. Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure, ita ce ta zarce Daura, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam, ta nufi Damagaram. Saboda haka ga yaron Kazaure ƙasar waje ba lalle sai an hau jirgin sama ba. Maraɗi da Damagaram sun fi masa Ikko kusa nesa ba kusa ba, kuma da Hausa zai yi ciniki a kasuwarsu. Wannan sauƙi shi ne ya kan sa a tafi ba a yi shiri ba, sai an komo sa'an nan a tarar karatun da aka yi bai shiga lissafi ba.

Bari mu fara da ita kalmar kanta. Hausa ta aro "kiredit" daga Turanci har sau uku, kowane aro da ma'anarsa. Akwai kiredit na jarrabawar fita sakandare, wanda a ke cewa yaro ya sami biyar har da Turanci da Lissafi. Wannan daraja ce ta cin jarrabawa. Akwai kiredit na wayar hannu, wanda a ke saye a zuba. Sa'an nan akwai na jami'a, wanda ba daraja ba ne, ba kuwa kuɗi ba, ma'auni ne na yawan aikin da darasi ya ɗauka. Uba idan ya ji ɗansa ya ce ya sami kiredit talatin a waje, ma'ana ta farko ce za ta faɗo masa, ya ɗauka yaron ya yi zarra, alhali kuwa abin da yaron ya faɗa bai wuce cewa ya zauna wata huɗu ko biyar yana karatu ya kuma haye ba. Don guje wa wannan ruɗani, a cikin takardan nan zan kira kiredit na jami'a da sunan "awo". Kalma ce da kowace mace mai zuwa asibiti da kowane mai sayen hatsi ya sani, tana kuma ɗauke da abin da mu ke bukata, watau cewa akwai ma'auni, akwai mai aunawa, akwai kuma wanda zai karɓa ko ya ƙi.

Asalin kalmar ta Turanci daga Latin ne, daga wani fi'ili mai ma'anar yarda ko gaskatawa. Larabawa kuwa su kan kira wannan ma'auni "sa'a mu'utamada", watau sa'ar da aka dogara da ita. Harsunan nan biyu duka sun nuna abu guda: awo ba kaya ba ne da ɗalibi zai ƙulle a jaka ya taho da shi, yarda ce tsakanin makarantar da ta koyar da makarantar da za ta karɓa. In babu yardar, takarda ce kawai.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko malamanmu suna yawon neman ilmi, suna kuma da hanyar tabbatar da abin da suka samo, ita ce ijaza, watau izinin da malami ya kan ba almajirinsa na ya karantar da littafi kaza, tare da jerin malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tafi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi kuwa ya rubuta littafin Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu; wanda duk ya duba shi da idon ma'aikacin ofishin rajista na yau zai ga takardar sakamakon karatu ce sosai. Amma akwai bambanci babba. Ijaza tana ambaton littafi da sunan malami, ba ta ƙidayar sa'o'i. Wanda ya san malamin ya san nauyin ijazar. Da aka shiga zamanin boko ma, tafiyar farko-farko ba ta da wannan matsala. Lokacin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da 'yan'uwansa malamai suka tafi Landan a 1945, ko lokacin da aka aika su Malam Abubakar Gumi Bahtar Ruda ta Sudan a 1954, hukumar da ta aike su ita ce mai ɗaukarsu aiki in sun komo. Mai aikawa shi ne mai karɓa, ba a bukatar wani awo. Yau kuwa yawancin masu fita iyayensu ne ke biya, makarantar da za su je ba ta san ta gida ba, ta gida ba ta san ta can ba, sai lamba ta tsaya a maimakon sanayya.

To, ga yadda lambar ta ke. A jami'o'in Nijeriya, bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, awo ɗaya shi ne sa'a ɗaya ta lacca kowane mako har mako 15, watau tsawon zangon karatu guda. In aikin ɗakin gwaji ne ko na fili, sai an yi sa'a uku a mako kafin ya zama awo ɗaya. Ɗalibi ya kan ɗauki awo 15 zuwa 24 a zango, kuma digiri na shekara huɗu ba ya kasa awo 120. Wannan tsari daga Amurka aka samo shi, shi ya sa lissafinmu da nasu ya yi kusa: can ma wajen awo 30 a ke yi a shekara. Ƙasashen Turai kuwa suna da nasu ma'aunin, ECTS, wanda aka soma a 1989. A wurinsu shekara guda awo 60 ce, kowane awo kuwa sa'a 25 zuwa 30, amma fa sun haɗa da lokacin da ɗalibi ya ke karatu shi kaɗai a ɗakinsa, da rubutun aikin gida, da shirin jarrabawa. Ingila ta bi wata hanya dabam: shekara awo 120, kowane awo sa'a 10, digiri na biyu awo 180. Jamhuriyar Nijar, kamar sauran ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, tana bin tsarin da ya yi daidai da na Turai, awo 30 a zango, digiri na farko shekara uku, awo 180.

Duk wanda ya taɓa auna gero a kasuwanni biyu ya gane wannan. Sunan mudu ɗaya ne, cikinsa ne ya bambanta. Yaron da ya yi zango ɗaya a Yamai ko a wata jami'a ta Jamus ya komo da awo 30, in ya auna da mudun gida sai ya zaci ya biya shekara guda cur, alhali rabinta ya yi. Wanda ya komo daga Ingila da awo 60 shi ma zango ɗaya ya yi. Haka kuma maki. A Nijeriya 70 cikin 100 ita ce daraja ta ƙoli. A yawancin jami'o'in Amurka 70 tsaka-tsaki ce. A tsarin Faransa a kan 20 a ke ba da maki, 10 ita ce ta hayewa, wanda ya sami 14 kuwa ya yi ƙoƙari ƙwarai, don malamansu ba su cika sakin hannu ba. Ma'aikacin da ya ɗauki alƙalami ya mai da 12 cikin 20 ta zama 60 cikin 100 ya yi lissafi daidai, amma bai fassara komai ba. Mu da mu ke aikin harshe mun san irin wannan fassara ta kalma da kalma, mun kuma san ɓarnar da ta kan yi.

Daidaita lamba shi ne ƙaramin aiki. Babban shi ne samun yarda, kuma ƙofofinta uku ne, kowace da mai tsaronta. Ta farko ita ce jami'ar gida, ga wanda ya fita na zango ɗaya ko biyu da niyyar komowa ya ƙarasa. Majalisar malaman jami'a ce kaɗai ke da ikon cewa darasi kaza na can ya tsaya a madadin darasi kaza na nan, kuma ba sunan darasin ta ke dubawa ba, abin da ke cikinsa ta ke dubawa. Tun da aka ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i a Disamba 2022, kashi 70 cikin 100 na abin da a ke koyarwa NUC ce ta tsara shi, saura kashi 30 kowace jami'a ta zuba nata. A ganina darussan da aka yi a waje sun fi samun wurin zama a cikin wannan kashi 30 ɗin. Turawa sun magance wannan matsala da wata takarda ta yarjejeniya wadda mutum uku ke sa wa hannu kafin a tashi: ɗalibi, da makarantarsa, da makarantar da za ta sauke shi. A ciki a ke rubuta darussan da zai ɗauka da waɗanda za su maye. Ba abin da zai hana shugaban sashe a Dutse ko Kano ko Kafin Hausa ya rubuta irinta, ko da babu wata tsohuwar hulɗa tsakanin makarantun biyu. Alkawarin baki na malami guda ba ya isa, gama malami ya kan tafi hutun bincike, ko a canja shugaban sashe kafin yaro ya komo.

Ƙofa ta biyu ita ce Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, wadda ke tantance takardun shaidar da aka samo a waje kafin mai su ya shiga aikin bautar ƙasa ko aikin gwamnati. A Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga labarin wakilinta wanda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. Ranar 2 ga Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo baki ɗaya, a watan Agusta na shekarar kuma ta ce jami'o'i takwas kaɗai ta yarda da su a ƙasashen biyu, biyar a Binin, uku a Togo. Abin lura a nan shi ne hukuncin bai tsaya a kan masu sayen takarda ba. Duk wanda ya yi karatunsa tsakani da Allah a makarantar da ba ta cikin jerin, shi ma ruwan ya ci shi. Saboda haka tambayar farko ba ita ce ko makaranta tana da kyawawan gine-gine ba. Tambayar ita ce: hukumar ƙasarta ta yarda da ita, ta kuma yarda da wannan fanni musamman a cikinta? Sa'an nan ma'aikatarmu ta san da ita? Wannan ya shafi har makarantun da ke kusa, irin Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi wadda aka kafa a 2013, inda 'yan Kano da Jigawa da Katsina da yawa suka yi karatun fannonin lafiya. Kusanci da yawan 'yan gida ba su ɗauke wa mutum wajibcin tambaya a rubuce ba, don jerin makarantun da a ke yarda da su abu ne mai canjawa.

Ƙofa ta uku ita ce wadda aka fi mantawa, ita ce kuwa ta hukumomin sana'a. Ilmin kiwon lafiyar jama'a ba aikin likita ba ne, saboda haka ba majalisar likitoci ce ke yi masa rajista ba. Mai son aikin duba-gari, sana'ar da Makarantar Koyon Tsabta ta Kano ta ke horar da mutane a kanta tun 1932, yana bukatar rajistar majalisar kula da lafiyar muhalli, wadda aka kafa da dokar 2002. Mai son duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye yana bukatar lasin hukumar ma'aikatan lafiyar al'umma, wadda aka kafa a 1992. Digiri daga waje, kome darajar jami'ar, ba ya zama lasin. Wanda ya fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Jahun da difloma da rajistarsa, sa'an nan ya fita ya ɗora digiri a kai, ya fi wanda ya tafi kai tsaye daga sakandare tsayawa da ƙafafunsa a wajen neman aiki a ƙaramar hukuma.

Akwai kuma abubuwan da ba a shirya musu ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, aka kwaso ɗaliban Nijeriya a motoci zuwa iyakar Masar da Fot Sudan, cikinsu har da waɗanda gwamnatin Jigawa ta aika karatun likita, waɗanda daga baya ta mayar da su tsibirin Kubrus su ƙarasa. Hukumar JAMB ta buɗe hanyar shigar da masu komowa cikin jami'o'in gida, amma abin da ya fi wahalar da mutane shi ne hujja, don ofisoshin da ke riƙe da sakamakonsu suna cikin Hartum, harsashi na tashi. Wanda ya saba karɓar takardar sakamako mai hatimi a ƙarshen kowane zango, ya kuma adana bayanin abin da aka koyar a kowane darasi, shi ne ya sami abin nunawa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris 2024. A Yuni 2023 aka saki naira, dala da ta ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu da tsohon farashi sai ya tarar kuɗin bai kai rabin hanya ba. A gida ma yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, ya karkatar da kalandar karatu, har ya zama zangonmu ba ya haɗuwa da na kowa. Duk waɗannan suna nuna amfanin a tsara tafiya gaɓa-gaɓa, yadda in ta katse a tsakiya abin da aka riga aka yi zai lissafu.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta fi damuna a matsayina na malamin harshe: wane ɓangare na wannan ilmi ya kamata a nemo a waje, wane ne kuma ba ya samuwa sai a gida? Akwai darussan da su ke ɗaya a ko'ina. Lissafin ƙididdigar lafiya, da hanyoyin bin sawun annoba, da aikin ɗakin gwaji, da sarrafa bayanai a kwamfuta, ba su da ƙabila. Dabarar da John Snow ya bi a Landan a 1854, ya gano cewa famfo ɗaya ne ke yaɗa kwalara a unguwa, ita ce za a bi in amai da gudawa ya faɗa wa wani ƙauye a Gwiwa a ke zargin rijiya. Makarantu irin ta Libaful da aka kafa a 1898, da ta Landan ta 1899, da babbar cibiyar kiwon lafiyar jama'a ta Iskandariya a Masar, suna da kayan aiki da littattafan da ba mu da su, kuma awon waɗannan darussa shi ya fi sauƙin canjawa, don abin da ke cikinsu sananne ne.

Amma aikin fili ba haka ya ke ba. Ɗalibin da ya yi sa'o'insa na fili a wata unguwa ta Turai ya cika awo, ba shakka, sai dai bai koyi yadda a ke shiga gari a ƙasar Kazaure ba: a fara da hakimi, a sauka wurin dagaci, mai unguwa ya haɗa ka da ɗan rakiya. Bai koyi cewa namiji ba ya wuce zaure ba. Gwamnati da kanta ta koyi wannan darasi da tsada bayan ƙin allurar shan inna na 2003, har aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, kuma da hannunsu aka kai ga shelar kawar da cutar ta daji daga Afirka a Agusta 2020. Sa'an nan ga maganar harshe. Takardar tambayoyi da aka tsara da Turanci ta ɗauka kowace cuta tana da suna ɗaya. A Hausa "shawara" ta haɗa cututtuka da dama waɗanda likita ya ke rarrabewa. "Basir" a bakin mutanen ƙauye ya fi abin da littafin asibiti ke nufi faɗi. "Sanyi" kuwa, in mace ta faɗe shi, sau da yawa ba na iska ta ke nufi ba. Fitsarin jini na tsargiya, wanda ke kama yara masu wanka a dam da kududdufi, wasu iyaye ba su lissafa shi cikin cuta ba sam, don sun saba ganinsa. Uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari saboda kunya, wata ma in an tambaye ta yawan 'ya'yanta sai ta tsallake shi, ko ta ƙi ƙidayawa gaba ɗaya. A rugagen Roni da Gwiwa kuma wani lokaci sai an haɗa da Fulatanci. Mai ƙididdigar da bai san waɗannan ba zai kawo lambobi masu tsabta, kwamfuta ta karɓa, a buga, alhali tun daga zaure aka yi kuskuren. Murray Last da Lewis Wall, waɗanda suka yi bincike kan maganin Hausawa a ƙasar Malumfashi, sai da suka zauna cikin mutane suka koyi harshen kafin su rubuta abin da suka rubuta. Abin mamaki ne a ce jami'o'in Warso da Beijin suna ba ɗalibansu awo don koyon Hausa, mu kuwa ba mu ga dalilin ba ɗalibin kiwon lafiya awo biyu don koyon Hausar asibiti da ta shiga gida ba, wai don an haife shi da harshen. Jin Hausa dabam, sanin yadda za a tambayi tsohuwa abin da ya kashe jikanta dabam. Ina ganin wannan aiki ne da ya hau kan sassan Hausa da kwalejojin horon malamai, kuma kashi 30 ɗin nan da aka bar wa jami'o'i ya ba da filin yinsa.

Wanda zai yi digirinsa duka a waje ma yana da hanyar haɗa biyun. Yawancin jami'o'i su kan yarda ɗalibi ya tattara bayanan kundin bincikensa a ƙasarsu, in ya nemi izini da wuri, ya sami malami mai sa ido a gida, ya kuma karɓi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na Ma'aikatar Lafiya a Dutse. Sai dai a duba kalanda. Dogon hutun Turai, daga Yuni zuwa Satumba, ya faɗo daidai da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro da rabon maganin rigakafinsa ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da kuma lokacin da tamowa ke tsananta kafin sabon hatsi ya shigo. Mai bincike kan waɗannan hutunsa ya ishe shi. Mai son nazarin sanƙarau ko ƙyanda kuwa, waɗanda ke tashi da rani zuwa bazara, tsakanin Fabrairu da Mayu, lokacinsa ya faɗo tsakiyar zango na biyu, saboda haka sai ya nemi a rubuta masa izinin barin makaranta na waɗannan watanni a cikin yarjejeniyar tun kafin ya biya kuɗin shekarar farko.